Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙwayoyin Gane-gane da Abin da Suke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Wannan shafi na 'yan'uwanmu Hausawa ne mazauna Makka, Jidda, Madina, Ɗa'if da Riyad. A 'yan shekarun nan bidiyoyi sun cika TikTok da Snapchat, da Larabci da Turanci, ana cewa laimar kwaɗi ko LSD suna wanke damuwa, suna buɗe basira. Yara na kallo da idonsu, iyaye kuwa sai dai su ji a bakin mutane. Mun tattara tambayoyin da aka fi yi wa ma'aikatan lafiya, muka amsa su da abin da bincike ya tabbatar. Matsayinmu a fili yake: ƙwayoyin nan kwance tsarin aikin ƙwaƙwalwa suke yi na wasu sa'o'i, kuma ba kowace ƙwaƙwalwa ce take komawa yadda take ba bayan an kwance ta.

Waɗanne ƙwayoyi ake nufi? Su ne su Kaptagon da shabu?

A'a, gidansu daban. Kaptagon da shabu masu zaburarwa ne. Suna tunkuɗo sinadaran dofamin da noradirenalin, mutum ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, yunwa ma ta daina kama shi. Hashish shi ma hanyarsa daban. Waɗanda muke magana a kansu, da masana ke kira saikedelik, manyansu huɗu ne: LSD, silosaibin, wanda ke cikin wasu nau'o'in laimar kwaɗi, meskalin, daga wani tsiron hamada mai suna feyote da ke fitowa a Meziko da jihar Texas, sai DMT, da ke cikin jiƙon ayahuasca na mutanen dajin Amazon.

LSD haɗin ɗakin gwaji ne. Albert Hofmann ne ya haɗa shi a 1938 a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel na Siwizalan. Ranar 19 ga Afrilu 1943 ya sha maikirogiram 250 yana ganin ɗan kaɗan ya taɓa, ashe ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Shi ne kuma ya ware silosaibin daga laimar kwaɗi a 1958. Don a gane ƙarfin abin: maikirogiram 100 na LSD, wanda ya isa ya juya hankalin babban mutum yini guda, kashi ɗaya ne cikin 5,000 na nauyin maganin da ke cikin ƙwayar farasitamol mai miligiram 500. Shi ya sa ake ɗiga shi a 'yar guntuwar takarda mai zane da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, uwa ta gani a aljihun tobe ta ɗauka sitika ce.

Idan sun shiga jiki, ina suke dosa?

Ƙwaƙwalwa tana da jijiyoyi 'yan mitsi-mitsi da ake kira niron, kimanin biliyan 86. Ba a manne suke da juna ba. Akwai ɗan rata a tsakaninsu, sai ɗaya ta saki sinadari, ta gabanta ta karɓa ta wasu 'yan gurabe da ke jikinta, wato makarɓai. Ɗaya daga cikin sinadaran nan shi ne sirotonin, mai hannu a barci, ci, da yanayin rai. Yana da makarɓai iri 14, amma guda ɗaya ne ya shafi zancenmu, wanda ake kira 5-HT2A. Duka ƙwayoyin nan huɗu shi suke kunnawa. Silosaibin ma sai jiki ya fara mayar da shi silosin, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta sirotonin ƙwarai, sannan ya isa ƙwaƙwalwa.

Makarɓin nan ya fi yawa a ɓawon ƙwaƙwalwa, inda tunani, magana, tsara al'amura da fassara abin da ido ya gani suke gudana. Ɓawon hawa shida ne. A hawa na biyar akwai wasu manyan jijiyoyi masu siffar dala, masu dogayen rassa da ke kai saƙo sassa masu nisa, kuma suna ɗauke da wannan makarɓi da yawa. Da an kunna shi, jijiyoyin sai su zama masu saurin tashi, abu kaɗan ya motsa su, sinadarin gulutamet ya ƙaru a kewayensu, su riƙa harba saƙo ba tare da sun jira junansu ba.

An tabbatar da wannan a jikin mutane. A 1998 Franz Vollenweider da abokan aikinsa a Zurich sun fara ba wa masu sa kai wani magani, ketansarin, mai toshe 5-HT2A, sannan suka ba su silosaibin. Gane-ganen bai zo ba. Daga baya an maimaita da LSD, aka sami haka. A 2019 kuma masu bincike a Kofenhegen suka auna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta PET, suka ga silosin yana mamaye har kashi 72 cikin 100 na makarɓan, kuma gwargwadon mamayar, gwargwadon tsananin abin da mutum yake ji.

Ƙwaƙwalwa ƙara aiki take yi a lokacin, ko raguwa?

Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana, don an sami amsa biyu masu kamar suna karo da juna. A ƙarshen shekarun 1990 gwajin Zurich ya nuna gaban ƙwaƙwalwa yana ƙara cin sukari bayan silosaibin, alamar ƙarin aiki. A 2012 sai ƙungiyar Robin Carhart-Harris a Imperial College ta Landan ta yi wa mutane allurarsa a cikin na'urar fMRI, mai bin sawun jini a ƙwaƙwalwa, ta ga gudanar jini ta ragu a wasu manyan mahaɗu. Daga bisani aka fahimci ba yawan aikin ne ya fi muhimmanci ba, tsarinsa ne.

Sassan ƙwaƙwalwa rukuni-rukuni suke aiki. Akwai rukunin gani, na ji, na motsi, na mayar da hankali. 'Yan rukuni ɗaya suna tashi tare, su lafa tare, kuma akwai iyaka tsakaninsu da maƙwabta. Duk wanda ya taɓa zuwa Harami a goman ƙarshe na Ramadan ya san abin da ke sa wannan ɗimbin jama'a ta shiga ta fita lafiya: shingaye da askarawa, nan hanyar shiga, can ta fita, ta masu keke daban. A ɗauke shingayen, mutane ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, kowa na tafiya, amma layuka sun cakuɗe, mai fita ya yi karo da mai shiga. Abin da hotunan ƙwaƙwalwa suke nunawa ke nan. Haɗin kan da ke cikin kowane rukuni yana raunana, sassan da ba su saba hulɗa ba kuma su shiga aika wa juna saƙo.

Rukunin da abin ya fi taɓawa shi ne wanda Marcus Raichle ya bayyana a 2001, ana taƙaita shi da DMN. Shi ne mai aiki idan mutum ya zauna shiru yana tuna jiya, yana lissafin gobe, yana tunanin ko shi wane ne a wurin mutane. A 2024 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 7 masu lafiya, kowanne wajen sau 18, kafin, da lokacin, da bayan shan miligiram 25 na silosaibin. Sauyin da suka gani ya ninka na wani maganin zaburarwa da aka gwada su da shi fiye da sau uku, kuma ya fi tsanani a wannan rukuni. Mafi yawansa ya koma daidai bayan ƙwayar ta sake su, amma alaƙar rukunin da hifokamfus, ma'ajiyar tunawa, ta kasance a raunane har makonni. Wani abu da suka lura da shi yana da amfani a aikace: idan aka ba mutumin ɗan aiki mai sauƙi na saurare da kallo, cakuɗewar tana raguwa. Wato magana da wanda ya sha, da kiran sunansa, suna da tasiri na zahiri a kan ƙwaƙwalwarsa.

Me ya sa suke ganin bango yana numfashi, da launuka da zane-zane?

Ba ido ne ke gani shi kaɗai ba. Ƙwaƙwalwa tana haɗa ɗan abin da ido ya kawo da abin da ta riga ta sani, ta fitar da hoto tsayayye. Ta san bango ba ya motsi, don haka ba ta bari ka ga yana motsi. Idan tsarin ya kwance, wannan riƙon yana sakin jiki. Akwai kuma talamus, a tsakiyar ƙwaƙwalwa, mai tace saƙonni kafin su hau ɓawo. A ƙarƙashin LSD alaƙarsa da sassan gani da ji tana ƙaruwa, abubuwan da a da ake tacewa su yi ta kwarara.

Na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa tana nuna wani abu ƙari. Idan lafiyayyen mutum ya rufe ido, bayan ƙwaƙwalwarsa yana shiga wani kaɗi mai bugu 8 zuwa 12 a daƙiƙa, ana ce masa alfa, alamar sashen gani ya huta. A gwajin LSD na Landan na 2016, da aka yi da mutum 20, wannan kaɗi ya faɗi, sashen gani ya ci gaba da aiki kamar ido a buɗe yake alhali a rufe. Siffofin da ake gani ma ba barkatai suke ba. Tun shekarun 1920 Heinrich Klüver ya lura masu shan meskalin, ko daga ina suka fito, siffofi huɗu suke ta ambata: raga, saƙar gizo-gizo, rami mai zurfi, da murɗaɗɗen zobe. Masana suna danganta su da yadda jijiyoyin sashen gani suke a jere. Ke nan mutum tsarin ƙwaƙwalwarsa yake kallo.

Wasu na cewa hijabi ake yaye musu, su ga gaskiyar al'amura. Me za ku ce, ga shi yara na ruɗuwa da wannan?

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi damun mu. Masu faɗa ba ƙarya suke yi ba game da abin da suka ji. Idan rukunin DMN ya warwatse, iyakar da mutum yake ji tsakaninsa da duniya tana narkewa. Wani ya ji ya zama ɗaya da komai, ya yi ta kuka don daɗi. Wani kuma, da ƙwaya iri ɗaya, ya tabbata mutuwa yake yi ko ya haukace har abada. Lokaci ma yana rikicewa, minti biyar su zama kamar shekara.

Abin lura shi ne, jin cewa «wannan gaskiya ce tabbas» shi kansa aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma ƙwayar tana kunna shi ko da abin da ake gani ba shi da tushe. Shi ya sa mutum zai dawo da yaƙinin da ba ya girgiza a kan abin da bai iya ko bayyanawa. Kallon kitse ake yi wa rogo. Abin da ƙwayar ketansarin guda za ta hana shi zuwa, kuma yake sauya kama gwargwadon tarbiyyar mai sha da abin da ya sa rai zai gani da ɗakin da yake zaune, daga cikin kansa ya fito. Ta fuskar shari'a kuwa hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma kowace giya haramun ce.

Tsawon wane lokaci suke ɗauka?

LSD yana farawa cikin minti 30 zuwa 60, ya kai sa'a 8 zuwa 12. Silosaibin sa'a 4 zuwa 6. Meskalin yana iya wuce sa'a 10. DMT da aka yi allurarsa a gwaji minti 10 zuwa 20 ne. Dalilin daɗewar LSD ya fito a 2017 daga ɗakin gwajin Bryan Roth a North Carolina: idan ya shiga makarɓi, wani ɓangare na makarɓin yana lanƙwasowa ya rufe shi a ciki, ya daɗe bai fita ba. Ba ruwa, ba madara, ba lemon tsami da zai fitar da shi.

Zaƙami fa? Shi ma ai gane-gane yake sawa. Da harmal da ake sayarwa a shagon aɗɗar?

Zaƙami, haukata-yaro, ba ɗan gidan nan ba ne, kuma ya fi su saurin kisa. Sinadaransa, atirofin da sikofolamin da hayosayamin, toshe makarɓan asetilkolin suke yi, sinadarin da tunawa da farkawa suka dogara da shi. Bambancin a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya duba. Mai LSD galibi ya san ya sha wani abu, ya san ƙwaya ce ke sa shi ganin abin da yake gani, kuma gobe zai ba da labari. Mai zaƙami bai sani ba. Za ka gan shi yana tsintar wani abu a jikin bargo da yatsu biyu, yana kai sigarin da babu shi baki, yana hira ƙasa-ƙasa da wanda ya rasu tuntuni. Baƙin idonsa ya buɗe fal, leɓe ya bushe har harshe na mannewa, fata ta yi zafi ba ɗigon gumi, mara ta cika amma fitsari ya ƙi fita. Yana iya kwana ɗaya zuwa biyu a haka, ya farka bai tuna komai ba.

Rashin gumin nan shi ne babban haɗari a ƙasar nan. A bazarar Makka da zafi ke haura digiri 45, jikin da ba ya gumi ba shi da hanyar huce kansa. Kuma yawan dafin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga ƙwara zuwa ƙwara, babu wani ma'aunin da za a ce lafiya ne.

Harmal kuwa 'ya'yansa suna ɗauke da harmin da harmalin, waɗanda ke hana jiki rushe sirotonin. Idan aka jiƙa aka sha da yawa yana kawo amai, karkarwa, tangaɗi da gane-gane, yana kuma iya zubar da ciki. Mai shan maganin damuwa irin su fuluwoksetin ko satiralin kada ya kusanci jiƙonsa ko kaɗan.

Suna kashe jijiyoyin ƙwaƙwalwa? Ana kamuwa da jarabarsu?

Ba a sami hujjar cewa LSD ko silosaibin suna kashe jijiyoyi ba. A dabbobi ma akasin haka aka gani. A 2021 a Jami'ar Yale an ba ɓeraye silosaibin sau ɗaya, cikin sa'a 24 'yan tsirin da jijiyoyi ke haɗuwa da juna ta kansu suka ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100, kuma ƙarin yana nan bayan wata guda. Masu talla sun ɗauki wannan suna yayatawa. Sai dai a ɓeraye aka gani, kuma sababbin haɗe-haɗe ba lallai alheri ba ne. Ƙwaƙwalwar da ta yi laushi tana iya koyon natsuwa, tana kuma iya kafe tsoron da ta shiga a daren.

Jaraba irin ta shabu ko hiroyin, mai sa jiki ciwo idan an daina, ba su cika kawo ta ba. Dalili ɗaya shi ne ƙwaƙwalwa tana janye makarɓan 5-HT2A cikin gaggawa, har idan aka maimaita washegari tasirin ya ragu sosai, sai bayan kwanaki su dawo. Haɗarinsu a wani wuri yake.

To ina haɗarin yake?

Na farko, abin da mutum zai aikata a cikin halin. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins a 2016 ya tambayi mutum 1,993 game da mafi munin abin da ya same su da laimar kwaɗi. Kashi 11 cikin 100 sun ce sun jefa kansu ko wasu cikin haɗari. Faɗowa daga bene, shiga titi, tuƙi.

Na biyu, taɓin hankali mai ɗorewa. Wanda yake da tarihin sikizofireniya (taɓin hankali mai sa jin muryoyi da ruɗin tunani) ko ciwon baifola (mai kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa), shi ko iyayensa ko 'yan'uwansa na jini, sha ɗaya yana iya tayar da ciwon da yake kwance. Kuma shekarun da ciwon ya fi bayyana, daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen 30, su ne shekarun da ake gwada ƙwaya. A 2024 an duba bayanan lafiya na mutum fiye da miliyan 9 a lardin Ontario na Kanada. Cikin waɗanda aka kai sashen gaggawa saboda ƙwayoyin gane-gane, kusan kashi 4 cikin 100 an same su da sikizofireniya cikin shekara 3, alhali a sauran jama'a kashi 0.15 ne. Waɗannan dai su ne waɗanda abin ya fi tsananta a kansu, kuma da yawa suna shan wasu abubuwan, amma bayan an cire tasirin waɗancan, haɗarin ya kasance ninki uku da rabi. A gidajenmu akan ɓoye irin wannan tarihi, a ce kawu wane iska ce ta taɓa shi. Matashi sai ya girma bai san jininsa na ɗauke da wannan rauni ba.

Na uku, gane-gane mai dawowa, HPPD a taƙaice. Ƙwaya ta fita tuntuni, amma mutum yana ganin jela a bayan abu mai motsi, da'ira a kewayen fitilun mota, ko yayyafin ɗige-ɗige a duk inda ya duba. Ba shi da yawa, amma wasu suna fama da shi watanni ko shekaru. Hashish, rashin barci da fargaba suna tsananta shi.

Na huɗu, ba a san abin da aka saya ba. Ana ɗiga wasu sinadarai da ake kira NBOMe a takarda a sayar da sunan LSD, kuma sun kashe mutane ta hanyar jijjiga da bugun zuciya. Laimar kwaɗi kuma akwai masu dafin hanta. Alamarsu ba ta fitowa sai bayan sa'a 6 zuwa 24, amai da gudawa, sannan mutum ya ji kamar ya warke, a rana ta uku zuwa ta biyar hanta ta tsaya.

Mai shan wasu magunguna fa?

Litiyam, da ake ba masu baifola, idan ya haɗu da LSD ko silosaibin yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Tiramadol shi ma yana sa jijjiga, yana kuma ƙara sirotonin. Idan sirotonin ya yi yawa a jiki, alamunsa su ne gumi sharkaf, zazzaɓi, karkarwa, gudawa, da fizgar ƙafafu. Duka ƙwayoyin suna ɗaga hawan jini da bugun zuciya, don haka mai ciwon zuciya yana cikin haɗari tun daga sa'ar farko.

Amma ai an ce Turawa sun mayar da su magani?

Ana gwadawa, kuma sakamakon ya cancanci a faɗe shi yadda yake. A gwajin da aka wallafa a 2022, an raba mutum 233 masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani gida uku. Bayan mako 3, kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka sami miligiram 25 na silosaibin alamun ciwonsu sun kau, a rukunin miligiram 1 kuwa kashi 8. Zuwa mako na 12 tazarar ta ragu, kuma an sami wasu da tunanin kashe kai ko cutar da kai. Wani gwajin na 2021 da mutum 59 ya kwatanta shi da esitalofiram, maganin damuwa na yau da kullum, bai sami bambanci mai ƙarfi ba a babban ma'aunin da aka sa. Akwai kuma matsalar da ta dabaibaye duk gwaje-gwajen: kusan kowa yana gane ko ƙwayar gaske aka ba shi, sa rai kuma shi kaɗai yana ɗaga sakamako.

A duba yadda ake yin gwajin. Ana tantance mutum, a cire duk mai tarihin taɓin hankali a kansa ko danginsa na kusa. Sinadarin tsaftatacce ne, an auna shi. Ana zaman shiri kafin ranar, ƙwararru biyu su zauna da shi sa'a 6 zuwa 8 ana auna hawan jininsa, sannan a yi zaman bita. Wannan ba shi da alaƙa da yaro a istiraha da abokansa da dare. Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da silosaibin daga 1 ga Yuli 2023 bisa sharuɗɗa masu tsauri. A Saudiyya haramtacce ne. Wanda damuwa ta dame shi akwai magunguna da zaman shawara da aka tabbatar da su, a fara da kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya.

Shan ɗan mitsitsi kullum don kaifin basira fa?

A 2021 an gwada mutum 191, wasu na shan ɗan mitsitsin, wasu ƙwaya marar komai a ciki ba tare da sun sani ba. Duka ɓangarorin sun ce sun ji sauƙi, kusan daidai da juna. Ga kuma damuwar cewa waɗannan sinadarai suna taɓa wani makarɓi, 5-HT2B, da ke ƙyauren zuciya. Ta wannan hanya ce maganin rage ƙiba fenfuluramin ya lalata zukatan mutane har aka janye shi a 1997.

Ɗana ya shigo yana surutai, idanunsa a buɗe, yana cewa ana bin sa. Me zan yi? Ko aljanu ne?

Hajiya, fara duba abu uku: baƙin idonsa, fatarsa, da numfashinsa. Baƙin ido a buɗe ko a cikin haske, kuma abin ya zo farat ɗaya bayan ya dawo daga waje, ƙwaya za a fara zargi. Taɓa goshinsa da hammatarsa. Zafi ba gumi, zaƙami ne ko danginsa. Zafi da gumi da karkarwa, yawan sirotonin ne ko shabu. Duka biyun na asibiti ne nan take.

A kai shi ɗaki mai sanyi, a kunna mukayyif, a rage haske. Mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su su zauna da shi, sauran su fita. A ɗauke wuƙaƙe da makullin mota, a kulle ƙofar saman bene da taga. A riƙa kiran sunansa a hankali, a gaya masa inda yake, da ko ƙarfe nawa ne, da cewa abin zai wuce. Kada a yi masa musu a kan abin da yake gani, kada kuma a gaskata masa. Kada a ɗaure shi, kada a dake shi, kada a turara masa hayaƙi, kada a ɗura masa madara ko mai don ya yi amai, yana iya shaƙewa. Karatun Alƙur'ani a hankali da muryar da ya sani ba ya hana komai, yana ma iya kwantar masa da hankali. Tsawa a kunne da taron mutane a kansa su ne ke ƙara firgita shi. Kuma ruƙya ba ta tsayar da kiran motar asibiti.

A kira 997, lambar motar asibiti, ko 911 a yankunan da take aiki, idan jiki ya yi zafi sosai, ko ya yi jijjiga, ko ƙirji na ciwo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ba ya amsa kira, ko yana neman cutar da kansa ko wani. Idan ya suma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa. A tafi da ragowar abin da ya sha da duk magungunan da yake amfani da su. A asibiti akan ba da maganin kwantar da jijiya irin diyazefam ko lorazefam, a sa ruwa, a sanyaya jiki, a duba bugun zuciya. Gwajin fitsari na yau da kullum ba ya nuna LSD ko silosaibin, saboda haka abin da kuka faɗa wa likita shi ne jagoransa.

Idan muka kai shi asibiti ba za a kama shi ba? Mu baƙi ne, muna tsoron a yi masa tarhil.

Wannan tsoron ya sa iyalai da yawa suna ɓoye yaro a ɗaki har abu ya lalace. Gaskiya ne dokar ƙasar nan tana da tsauri. Safarar ƙwaya tana iya kai mutum ga hukuncin kisa, baƙon da kotu ta kama da laifin ƙwaya kuma ana fitar da shi daga ƙasa bayan ya gama zaman hukuncinsa. Amma dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta shekarar 1426 Hijira, a sashe na 42, ta ce ba a gurfanar da mai sha idan shi da kansa, ko iyayensa, ko 'ya'yansa, ko matarsa, ko wani ɗan'uwansa ya zo neman a yi masa magani, da sharaɗin a miƙa abin da ke hannunsa ko a nuna inda yake. Wannan rangwame na mai sha ne, bai shafi mai sayarwa ba. Cibiyoyin Irada, da a da ake kira asibitocin Amal, su ne masu kula da wannan fanni a Riyad da Jidda da wasu biranen. A kira 937 a tambayi inda ya dace a nufa.

Bayan an sallamo shi, a sa ido a kan barcinsa na makonni biyu zuwa huɗu. Idan ya kwana biyu a jere bai yi barci ba kuma bai gaji ba, ko ya shiga kashe kuɗi da yawan magana fiye da yadda aka san shi, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin mutanen gida da sa masa guba a abinci, a mayar da shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar. A gaya wa likitan duk wanda ya taɓa irin wannan ciwo a dangin uwa da na uba, domin wannan bayani yana sauya maganin da za a zaɓa masa.